Yadda Ake Haɗa Ƙanƙarar 'Ya'yan Itace Mai Laushi a Gida, Ko da Babu Wutar Lantarki

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara kan haura digiri 40 a ƙauyukan Kano da Jigawa, a lokacin ne mangwaro yake cika kasuwa har ya rasa mai saye, kankanar rani kuma take fitowa daga gonakin ban-ruwa na Kadawa da Kura da Bunkure da na kwarin Haɗeja. Duk wanda ya zauna a karkara ya san yadda kwandon mangwaro kan nuna gaba ɗaya cikin kwana biyu, a sha na sha, a ba maƙwabta, ragowar kuma ta lalace a zubar wa awaki. Wannan asarar ce ta sa na dage wajen koyon haɗa ƙanƙarar 'ya'yan itace mai laushi, wadda Faransawa suke kira sobe, sunan da asalinsa ya samo tushe daga kalmar Larabci ta sha. Ta bambanta da askirim domin ba a sa mata madara ko kaɗan, ta kuma bambanta da ƙanƙarar leda da yara suke saya suna gaigaya, domin ita da cokali ake ɗibarta, tana narkewa a kan harshe ba tare da an tauna ba. Kayan haɗinta 'ya'yan itace ne da sukari da lemun tsami da ɗan gishiri, amma laushinta ya rataya ne a kan abubuwa biyu: yawan sukarin da aka sa, da yadda aka riƙa motsa ta yayin da take daskarewa.

Yana da kyau a fahimci dalilin hakan tun kafin a taɓa wuƙa, domin wanda ya gane shi zai iya sarrafa kowane irin ɗan itace ba tare da ya jira an ba shi awo ba. Ruwa zalla yana daskarewa a digiri sifili, ya zama dutse. Idan aka narkar da sukari a cikinsa, sai sukarin ya hana wani kaso na ruwan daskarewa, ya bar shi a matsayin ruwa mai kauri yana zagaye da ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara, kuma wannan ruwan mai kauri shi ne yake ba cokali hanya. In sukari ya yi kaɗan, haɗin zai sandare kamar bulo. In ya yi yawa, zai ƙi kamawa ya tsaya ruwa-ruwa ko da ya kwana a firiza. Abin da ake nema shi ne sukari ya kai wajen kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyin haɗin, idan an haɗa da zaƙin da ɗan itacen ya zo da shi. Motsawa kuwa aikinta farfasa ƙwayoyin ƙanƙarar tun suna ƙanana, kafin su haɗu su yi tsini irin wanda yake karce baki.

Daga nan za a gane cewa sakarin, wanda wasu masu ƙanƙarar sayarwa suke sawa don rage kashe kuɗi, ba shi da amfani a wannan aiki. Yana kawo zaƙi a baki, amma ɗan abin da ake sawa bai kai ya hana ruwa sandarewa ba.

Matakin farko shi ne zaɓen ɗan itace, kuma ina ba wa mai farawa shawarar ya fara da mangwaro, domin namansa yana da kauri da santsin da yake taimakon sukari wajen kawo laushi. A zaɓi wanda ya nuna sarai, mai ƙamshi a gindin kara, wanda yake ɗan lotsawa idan an danna da yatsa. Mai tsoka irin paparanda ya fi sauƙin aiki, binta suga kuma ya fi zaƙi don haka sai a ɗan rage masa sukari, amma ko ƙaramin nan mai zare yana yi muddin za a tace shi da kyau, kuma sau da yawa ma ya fi manyan ɗanɗano. Wanda ya faɗo ya fashe a ƙasa, ko wanda tsutsa ta shiga, ko wanda ya fara tsami yana warin giya, a ajiye shi gefe, domin sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi su jira a sha.

Wannan batu na tsabta ya cancanci a tsaya a kansa, saboda haɗin nan ba ya hawa wuta bayan an gama shi. A wanke hannu da sabulu, a wanke 'ya'yan itacen da ruwa mai tsabta tun kafin a fere, domin wuƙa tana ɗaukar dattin ɓawo ta shigar da shi cikin nama. Duk ruwan da zai shiga cikin haɗin a tafasa shi a bar shi ya huce, ko na rijiya ne ko na burtsatse. Wuƙa da faranti da rariya da kwano su zama ba su taɓa ɗanyen nama ko kifi ba, a kuma rufe komai saboda ƙuda, wanda kowa ya san yadda yake bin mangwaro a wannan lokaci.

Bayan an fere an yanka, sai a mayar da naman ya zama kamar kunu mai kauri. Mai bilenda da wuta zai gama cikin minti biyu. Wanda ba shi da ita, ya zuba yankakken mangwaron a kwano mai zurfi ya dama da ludayi, ya bi da maburgi har ya yi laushi, sannan ya zuba a rariya yana gogawa da bayan ludayi har naman ya wuce ya bar zaren. Kada a gaji da wannan tata, domin duk zaren da ya tsallake zai bayyana a baki bayan haɗin ya daskare. Idan da turmi za a yi aikin, a tabbata an wanke shi da ruwan zafi an shanya, domin warin daddawa da yajin barkono suna kama itace, kuma sanyi ba ya ɓoye su.

Awon da nake amfani da shi mai sauƙin riƙewa ne: kofi 4 na tataccen mangwaro, kofi 1 na sukari, ruwan lemun tsami cokali 2 na cin abinci, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su tsinko. Kofin da nake nufi shi ne mai cin mililita 250, wanda yake ɗaukar sukari gram 200, amma ko da gwangwanin madara aka auna, abin da ake kiyayewa shi ne huɗu da ɗaya da ma'auni guda. A zuba sukarin a ƙaramar tukunya da rabin kofi na ruwa, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ƙwayoyin su ɓace ruwan ya yi garau, a sauke da zarar ya tafasa, kada a bar shi ya fara canja launi. Sai an bar shi ya huce sarai sannan a juye a cikin mangwaron, a matse lemun tsamin a tace 'ya'yansa, a sa gishirin, a gauraya.

Yanzu sai a ɗanɗana, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Sanyi yana dakushe harshe, saboda haka haɗin da zaƙinsa ya yi daidai yana ruwa zai zama salam bayan ya daskare. Dole a ji zaƙin ya ɗan wuce yadda za a so a sha shi a kofi, tsamin lemun kuma ya fito a ƙarshen harshe. Karon farko da na gwada, na rage sukarin da rabi saboda na ji kamar ya yi yawa, washegari na tarar da abin da cokali ya kasa shiga, sai da na narkar da shi muka sha a matsayin lemo. Lemun tsamin ma kada a raina shi. Shi ne yake farkar da ɗanɗanon mangwaro, yana kuma rage saurin dushewar launinsa.

Kafin a fara daskarwa, a sanyaya haɗin gwargwadon hali, ko a firji na awa ɗaya zuwa biyu, ko a tsoma kwanon a rufe cikin ruwan ƙanƙara. Haɗin da ya shiga da sanyinsa yana kamawa da wuri, kuma saurin kamawa yana cikin abin da yake sa ƙwayoyin ƙanƙara su fito ƙanana.

Ga wanda yake da firiza, ko ta wutar gari ko mai aiki da sola, hanyar ba ta da wuya sai dai tana son kulawa. A juye haɗin a faffaɗan kwanon ƙarfe mara tsatsa, zurfinsa kada ya wuce faɗin yatsu biyu, domin ƙarfe ya fi roba saurin ɗaukar sanyi, shimfiɗaɗɗen haɗi kuma ya fi tararre saurin kamawa. A rufe, a ajiye shi a ƙasan firiza inda ya fi sanyi. Bayan minti 45 zuwa awa ɗaya za a ga gefe-gefen ya fara kamawa tsakiya tana ruwa. Sai a sa cokali mai yatsu a kankare gefen a turo shi tsakiya, a buga da ƙarfi har ya haɗe, a mayar. A maimaita haka duk bayan minti 30, sau huɗu ko biyar, kuma a kowane karo za a ji ya ƙara nauyi a hannu, launinsa yana ƙara haske saboda iskar da take shiga. Idan firizar tana kai digiri 18 ƙasa da sifili, cikin awa 3 zuwa 4 za a gama. A inda wuta take zuwa tana ɗaukewa, a haɗa komai a ajiye, a fara da zarar an kawo ta, a kuma rage buɗe murfi sai don motsawa.

Akwai gajeriyar hanya ga mai firiza wanda ba zai iya zaman motsawa ba. A yanka mangwaron ƙanana, a shimfiɗa a faranti ba tare da sun hau juna ba, a bar su su daskare, sannan a niƙa a bilenda mai ƙarfi ko a kirɓa a tsabtataccen turmi da sauri, ana zuba sanyayyen ruwan sukarin da lemun tsamin kaɗan-kaɗan. Wannan nan take ake shan sa, kuma mangwaro mara zare yake so tun da ba za a tace ba.

Amma yawancin gidajenmu na karkara ba su da firiza, kuma a kansu ne na fi son in yi bayani dalla-dalla, domin ana iya yin wannan aiki da bulon ƙanƙara da gishiri kawai, kamar yadda aka daɗe ana yi a duniya kafin a ƙirƙiro firji. Ƙanƙara ita kaɗai ba za ta iya daskarar da haɗin ba, saboda sanyinta yayin narkewa yana tsayawa a sifili, haɗin kuma saboda sukarinsa yana buƙatar abin da ya fi haka. Idan aka barbaɗa mata gishiri, yana tilasta mata narkewa, narkewar kuma tana zuƙe zafi daga duk abin da yake kusa, har sanyin ruwan gishirin ya iya sauka zuwa kusan digiri 20 ƙasa da sifili idan aka sa kashi ɗaya na gishiri a kan kashi uku na ƙanƙara.

Za a tanadi bulon ƙanƙara kamar kilo 3, irin wanda ake kawowa daga gari a buhu musamman a watan azumi, da gishiri kamar kilo 1, mai araha mai manyan ƙwayoyi ya wadatar. Za a kuma nemi bokiti ko kula, da kwanon ƙarfe mai zurfi wanda murfinsa yake kamawa gam, da tsohon zane ko buhun algarara. Kada a zuba fiye da kofi 2 na haɗin a karo ɗaya, kuma kada ya wuce rabin kwanon. A naɗe bulon a buhu a farfasa shi da taɓarya har ya koma kamar girman goro ko ƙasa da haka, domin manyan gutsattsari ba sa manne wa jikin kwano. A shimfiɗa ƙanƙara a ƙasan bokiti, a barbaɗa gishiri, a ɗora kwanon a tsakiya a rufe, sannan a riƙa cika gefensa hawa-hawa, ƙanƙara sannan gishiri, har su wuce tsayin haɗin da yake ciki amma su tsaya ƙasa da bakin murfi. A lulluɓe bokitin da buhu, a zauna a inuwa.

Sai a kama murfin kwanon da tsumma a riƙa murza shi dama da hagu a cikin ƙanƙarar. Bayan minti biyar a goge murfin da bakin kwanon da busasshen tsumma kafin a buɗe, domin ɗigo biyu na ruwan gishirin sun isa su ɓata aikin duka, ga shi kuma ba a san da wane ruwa aka yi bulon ba, don haka bai kamata ya taɓa abin da za a sha ba. Za a tarar da haɗin ya manne a jikin kwanon ya yi tauri. A kankare shi da cokali a gauraya da na tsakiya, a rufe, a ci gaba da murzawa. Ana yin haka duk minti biyar, kuma cikin minti 30 zuwa 40 zai kai yadda cokali zai tsaya a cikinsa. Ruwan da ya taru a bokitin kada a yi saurin zubar da shi, domin shi ne yake rungume kwanon ya fi gutsattsarin aiki. A rage shi ne kawai idan yana neman kaiwa murfi, a ƙara ƙanƙara da gishiri. Idan an gama, a bar kwanon a ciki a lulluɓe na wani minti 20 don ya ƙara kama jikinsa. Ruwan gishirin nan yana da sanyin da zai iya ƙona fata, saboda haka kada a bar yara su tsoma hannu, kuma kada a zubar da shi a gindin bishiya ko a lambu, domin gishiri yana kashe shuka.

Wanda ba shi da kwano mai murfi zai iya zuba kofi ɗaya na haɗin a farar leda mai kauri, ya fitar da iska ya ƙulle, ya sake sa ta a wata ledar ya ƙulle, ya binne a cikin ƙanƙara da gishiri a roba mai murfi yana girgizawa na minti 10 zuwa 15. A ɗauraye ledar waje da ruwa mai tsabta kafin a kwance.

Idan hannu ya faɗa da mangwaro, sai a koma kan sauran 'ya'yan itace, kuma kowanne da halinsa. Kankana sama da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne, zaƙinta bai kai na mangwaro ba, kuma ba ta da kauri, don haka takan fito da ɗan garas-garas. A cire 'ya'yanta, a dama a tace, kada a ƙara mata ruwa ko kaɗan, a zuba sukari kofi ɗaya da kwata kai tsaye a cikin kofi 4 na ruwanta a juya har ya narke ba tare da an ɗora a wuta ba, domin zafi yana sauya mata ɗanɗano. Ayaba ɗaya nunanniya da aka dama a ciki tana gyara mata jiki sosai. Gwaba tana da kauri da ƙamshi mai ƙarfi, sai dai dole a tace 'ya'yanta masu tauri a kuma sassauta ta da tafasasshen ruwa. Gwanda kuma tana son lemun tsami ninki biyu, in ba haka ba ɗanɗanonta yakan kwanta.

Zoɓo, wanda Jigawa take cikin manyan masu nomansa, yana ba da launin da babu ɗan itacen da ya kai shi kyau. A ɗauraye kofi ɗaya na busasshen zoɓo, a jiƙa a kofi 4 na tafasasshen ruwa tare da ɗan citta da kanumfari biyu ko uku na rabin awa, a tace, a narkar da sukari kofi ɗaya da rabi tun yana da ɗumi, tun da shi ba ya zuwa da zaƙin kansa. Ba ya buƙatar lemun tsami. Tsamiya ma haka ake bi da ita, kuma mazarƙwaila tana dacewa da ita fiye da farin sukari. Su biyun masu tsami ne, don haka kada a bar su su daɗe a tukunyar dalma. Domin ba su jiki, a dama musu cokali 3 na garin 'ya'yan kuka, wanda ake haɗa kwalba da nono da shi, a tace. Yana kawo kauri da santsi mai kama da na madara.

Ga irin waɗannan masu ruwa-ruwa akwai tsohuwar dabarar gwada sukari da ƙwai. A wanke sabon ɗanyen ƙwai da sabulu a ɗauraye, a saka shi a hankali cikin haɗin da ya huce a kofi mai zurfi. Idan ya nutse, sukari bai isa ba. Idan ya taso har ɓawon da ya leƙo sama ya kai faɗin murfin kwalbar lemo, an dace. Idan ya wuce haka sosai, a ƙara ruwa. Tsohon ƙwai yana tasowa ko a ruwa zalla, don haka ba a gwaji da shi, kuma dabarar ba ta aiki a kaurin mangwaro. Zoɓo da tsamiya na fi son a sake tafasa su bayan gwajin.

Ana iya maye gurbin kwata na sukarin da zuma, tana ƙara laushi, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba duk abin da aka sa wa zuma. Masu ciwon sukari su san cewa wannan haɗin yana da sukari mai yawa ko da sunansa na 'ya'yan itace ne.

Wadda aka yi da gishiri da ƙanƙara a ranar ake shanye ta, kuma ga mai son ta a buɗa-baki, ya fara murzawa kamar awa ɗaya kafin magariba. Ta firiza kuwa a juye ta a roba mai murfi, a manna leda mai tsabta a kan fuskarta kafin a rufe don kada ta bushe ko ta ɗauki warin nama, a sha cikin mako guda. In ta yi tauri, a fito da ita a bar ta minti biyar zuwa goma kafin a ɗiba, a zuba a ƙananan kofuna da aka sanyaya. Idan wuta ta ɗauke har ta narke ta koma ruwa, kada a sake daskarar da ita. In har yanzu da sanyinta a sha a matsayin lemo nan take, in kuma ta wuce awa ɗaya a cikin zafin bazara bayan sanyin ya fita, a zubar.